Kada Ka Sayi Dogon Keke Domina

Tudun Wada, Sakkwato

Zuwa ga ɗana Mu'azu, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya lau, cikin kwanciyar rai. Yaya sanyin Jos, yaya sabon aiki, yaya baƙunta? Allah Ya tsare fitarka da komowarka, Ya haɗa ka da abokan zama na gari, Ya raba ka da sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Mu nan sai godiyar Allah. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko yajin da ta ƙulla maka ya ƙare.

Na san za ka yi dariya ka ce tsoho ya tashi da aiki, ga waya a hannu ya zauna rubuta wasiƙa. To, yi dariyarka. In muna waya ba na bari ka kai ƙarshen magana, kai ma ba ka bari in kai ƙarshen tawa, halinmu ɗaya. Kuma akwai abin da bakina ya ƙi faɗa, na ga ko alƙalami zai iya. Malam Sani mai motar albasa zai kawo maka ita, in ka ji takardar tana wari kada ka zarge ni.

Innarka ta ba ni labari. Ta ce ka sami abokai da ke fita ranar Asabar da kekuna, kuna bin hanyoyin ƙafa cikin duwatsun bayan gari, kuma ka gaji da aro, ƙarshen wata za ka sayi naka. Ta ce ka ga guda biyu wajen mai sayarwa, iri ɗaya, masu sifirin mai shanye gargada a gaba kaɗai, bayansu ƙarfe zalla. Ɗaya daidai da kai, ɗaya dogo. Kuma wai dogon kake so, don ka ce mata, "Baba dogo na. In na taho da shi da Salla sai shi hau, ni in hau tsohon nawa, mu tahi Kwalkwalawa awa da." Da ta faɗi haka sai na miƙe na fita ƙofar gida kamar an yi sallama da ni, don kada ta ga idona. Na daɗe a tsaye. Daɗin maganar ya fara zuwa, daga baya haushi ya biyo.

Mu'azu, kada ka sayi dogon keken nan. Duk abin da zan rubuta a ƙasa wannan maganar ce nake juyawa. Kai ka ɗauko gajartar dangin Innarka, ni kuwa Allah Ya yi ni zanƙalele kamar gwangwala. Keken da ya yi mini daidai, kai zai kayar da kai, kuma a kan dutse zai kayar da kai, ba a kan yashinmu ba.

Na san abin da nake faɗa, domin na taɓa yi maka wannan aika-aikar da hannuna. Kana ƙaramin ɗan firamare na kai ka kasuwa sayen keke. Mai kekunan ya jawo wani ɗan ƙarami shuɗi, ka hau, ƙafafunka suka taka ƙasa, bakinka ya ƙi rufuwa. Na ce a mayar. Na ce, "Yaro girma shika yi, ba ƙanƙancewa ba. Kawo na manya, shina isko shi." Haka muke sayen komai, ai ka sani. Riga da girma, takalmi da girma, keke da girma, kuma a ce na gida ne, a je niƙa da shi, a ɗauko buhu da shi, kawu ya zo ya ara. Mai kekunan bai musa ba, shi ma haka ya saya wa nasa.

Ka tuna yadda kake tuƙa shi? Ka zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya, jikinka duk ya rataye gefe guda, kana tafiya a karkace. Duk yaran unguwa haka suke yi, shi ya sa ba wanda ya ga laifi. Da ka ɗan tasa ka koma saman sirdi, yatsun ƙafarka kawai ke taɓa feda, ɗuwawunka na zamewa dama da hagu. Ni kuwa ina zaune a kan dakali ina alfahari, wai ɗana na tuƙa keken manya. Sai ranar da aka aike ka Ƙofar Kware wajen gwaggonka, amalanken jaki ya fito daga lungu ba zato. Ka kama birki, ka nemi ƙasa da ƙafa, ƙasa ta yi nisa. Ƙarfen tsakiya ya buge ka, ka kife a bakin kwata, ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye. Ina riƙe da kai wajen maɗori, gumi na zuba a fuskarka, abin da ka tambaye ni shi ne ko keken ya lalace.

Saboda haka in ka je wajen mai sayarwa, kada ka fara da hawa sirdi. Tsaya tukuna, keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu shimfiɗe a ƙasa. Dole a sami fili tsakaninka da ƙarfen tsakiya, wanda dunƙulen hannu zai shige ba matsi. Sannan ka hau ka kama kan keken. In sai ka miƙe hannu sambal kafin ka kai, ya yi maka tsawo, sauka. Gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe ake so. A gangare mutum yakan tashi tsaye a kan feda ya ja jikinsa baya, har bayan sirdi, don kada kai ya rinjaye shi. Dogon keke ba zai bar ka ka yi haka ba, zai shimfiɗe ka a kansa, tayar gaba na cin karo da dutse sai ka wuce ta sama. A nan Sakkwato babban keke gajiya kawai yake sa mutum, ko karaya ɗaya in an yi rashin sa'a. Can kuwa ba na so in rubuta abin da yake jawowa.

Za ka ce ina Baba ya san gangaren dutse, mutumin da bai taɓa hawa abin da ya fi tudun gona ba? Gaskiyarka. Ni mutumin yashi ne da fadama. Duk shekarun da na yi ina malamin gona a kan keke na yi su, amma ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, in ka hango ƙauye to ka gama ganin hanyarsa. Abin da na sani na dutse a waya na koya, kuma tun da ka tafi na fara. In na idar da walaha sai in zauna in yi ta kallon masu hawan duwatsu da kekuna, ina neman wanda ya yi kama da kai. Innarka ta ce, "Kai dai kullum kana nan kana kallon Turawa suna hwaɗuwa, mi ka samu ciki?" Na ce mata ina karatu ne. Ba ta san so nake in ga irin ƙasar da kake takawa ba, tun da ba ni da ikon ganinta da idona.

Abokanka sun yi maka gaskiya da suka ce ka sayi mai sifirin a gaba kaɗai. Kada wani mai daɗin baki ya juya ka. Ni an juya ni. Lokacin da kekunan nan masu giya suka cika kasuwa, na tarar da wani ja wur, sifirin gaba, sifirin baya, sai ƙyalli yake. Ka san yadda ake gwajin keke a kasuwarmu. Mai kaya ya danna sirdi da tafin hannu, keken ya lotsa ya taso, ’yan kallo su ce "Kai!" Shi ke nan an gama bincike. Na ce a raina biyu ai ta fi ɗaya, na tura shi gida ina jin kaina. Innarka ta leƙo, ta danna shi ita ma, ta ce, "Malam, wanga keke na ko gado?"

Asabar ta zo muka fita fadama, ni da kai. Duk taka fedar da na yi sai keken ya durƙusa ya miƙe, rabin ƙarfina na tafiya a banza. Kai kana kan tsohon kekenka marar komai, ka wuce ni, ka tsaya gindin giginya kana jirana, kana ɓoye dariya. Na iso ina haki na ce maka ina gwada giya ne. Ƙarya nake, ka sani, na sani. Kafin damina ta fita mahaɗin tsakiya ya cinye, bayan keken ya fara kaɗawa kamar wutsiyar akuya. Mai gyara ya juya shi, ya juya, ya ce ba a kawo kayansa. A nan wajensa na bar shi.

Ban ce babu na ƙwarai mai sifirin biyu ba. Akwai, ina ganinsu a waya. Amma na ƙwaran ba abin sabon ma'aikaci ba ne, kuma yana son kulawa da kayan gyaran da ba kowane gari ake samu ba. Na arahan kuwa ado ne kawai. Mai sandararren baya ba shi da abin lalacewa da yawa, kowane mai gyara zai iya da shi, ya fi sauƙin nauyi in ta kama ka saɓa shi a kafaɗa, kuma abin da ka taka shi zai kai ƙasa. Bayan haka zai koya maka duba hanya, don in ka bi ta kan dutse da ganganci bayanka zai gaya maka. Gwiwoyinka su ne sifirin ɗinka na baya, kuma naka sababbi ne.

Sifirin na gaban shi za ka tsananta wa bincike. Ka kama birkin gaba, ka danna kan keken da nauyinka. Ya sauka sumul, ya dawo a hankali. In ya yi ƙara ƙwas, ko ya harbo ka da ƙarfi, ko ya cije a hanya, bar shi. Ka duba sandunan nan biyu masu santsi da ke shiga suna fita, kada a sami tsatsa ko ƙarzuwa ko mai yana tsattsafowa. In da hali ka nemi irin wanda ake ba iska da famfo, don ana daidaita shi da nauyin mai hawa. Kai ba ka da jiki, tun kana yaro Innarka ke fama da kai a kan tuwo. Mai ƙarfen nan murɗaɗɗe a ciki an yi shi ne don ƙato, in ka hau ba zai ma san an hau ba.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, don wannan a jikinka na dasa ta. Bayan karayarka, da ka warke, na ɗauki sifana na sassauta birkin gabanka har ya daina kamawa. Na ce maka, "Birkin gaba shi ka kada mutum, kak ka kuskura ka taɓa shi." Ba ni na ƙago ba, duk garin nan haka ake faɗa, je ka duba kekunan da ke jingine ƙofar masallaci ka ga nawa ne birkin gabansu ke aiki. Ka ji maganata, don kai yaro ne mai jin magana, har ka girma hannunka ɗaya bai san aikinsa ba. A nan ba ta ɓaci, in ka daina taka feda yashi ma zai tsayar da kai. Amma a gangare nauyi duk gaba yake komawa, tayar baya ta zama ba ta da riƙo, in ka matse ta ita kaɗai sai ta ja ƙasa ta ci gaba da zamewa da kai. Birkin gaba shi ne mai tsayarwa. Na koya maka ba daidai ba, ina so ka kwance wannan karatun tun kafin ka sake hawa dutse.

Ka nemi mai birkin faranti irin na babur, wanda ke aiki da mai, ba waya ba, don yatsa ɗaya ya ishe shi, sauran yatsun su riƙe kan keke. Ka matsa ka ji ya tsaya da tauri a rabin hanya. In ya tafi laɓo-laɓo har ya taɓa mariƙi, akwai gyara a gaba. Kuma ka tambaya, ka gwada da idonka, wane hannu ne na gaba, domin kekunan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, wani dama ne, wani hagu. Sannan ka sami fili shimfiɗaɗɗe, ko na ƙwallo ne, ka yi ta koyon matsa su biyun tare a hankali, jikinka a baya, har hannun nan da na kashe maka ya farka. Kada kunyar abokai ta hana ka. Gara su yi maka dariya a fili.

Taya kuma, kash. Mu nan in an je wajen mai faci cewa ake, "Ba shi iska da kyau." Ya yi ta bugawa har sai an ɗalle tayar da farce ta yi ƙara, sannan a ce ta yi. Shekara da shekaru haka nake yawo a kan taya mai taurin dutse, ina nutsewa cikin yashi, ina zargin ƙafafuna. Ran nan ma ai tare muke da santsin laka ya kwashe ni a kan kunyar shinkafa, na zauna daɓas cikin ruwa, balbelu suka tashi, masu dashe suka yi ta yi mini sannu suna juya baya don dariya. Ban gane ba sai wata rana da ƙaya ta yi mini ɗan huji, iska ta ragu kaɗan, na ji keken ya kama ƙasa yana tafiya lafiya a inda kullum nake sauka in tura. Ka zaɓi taya mai faɗi, mai manyan haƙora, kuma ka bar ta yadda babban yatsa zai ɗan lotsa ta. Kada dai ta yi laushi ainun, don bakin dutse zai tsunkule tif ɗin ya huda shi wuri biyu. Na ga akwai waɗanda ba su da tif sam, wani farin ruwa ake zubawa ciki, ƙaya na shiga ya toshe hujin da kansa. In naka zai karɓi irin wannan, ka yi.

Da na fara ganin tayar nan a waya sai na ce ina ma muna da ita a lokacinmu, da ba mu ƙarar da rabin Asabar ɗinmu a gindin itace muna faci ba. Daga baya na ce a'a, Allah na gode da ba mu da ita. Mu'azu, duk yawonmu ba abin da nake kewa kamar wannan zaman facin. Mu kife keke a bakin gulbi, kai ka tsoma tif cikin ruwa kana juyawa kana neman inda kumfa ke fita, ni ina kankare wurin da zan shafa gam. Idonka na kan ruwa, nawa na kan roba, ba mai kallon wani, sai bakinka ya buɗe. A nan ka gaya mini ba ka son karatun da na zaɓa maka. A nan ka gaya mini malamin da ke dukanka ba dalili. A gida ko sannu da zuwa da ƙyar kake haɗa ido da ni, amma a bakin ruwa hira muke kamar abokai. In mun gama mu tsaya bakin gada mu ci soyayyen kifi da yaji, mu sha furar Fulani, mu dawo Innarka na faɗan mun ɓata cikinmu ga abinci ta dafa. Ina kewarka, ɗana. Ban iya faɗa a waya ba, ga shi na rubuta.

Bari in koma kan keke kafin takardar ta jiƙe. Tun da na gwanjo ne, duk wata leda ko tef ko hoton da aka manna a jikinsa ka sa a ɓare a gabanka. Mu ne sarakan naɗe keke da tef mai launi wai kada fenti ya ƙarzu, na taɓa yawo da tsagaggen ƙarfe a ƙarƙashin ado ban sani ba, sai da ya buɗe baki. Ka duba duk inda aka yi walda, musamman wuyan keken da ƙarƙashin sirdi. Layin tsaga siriri kamar gashi ya isa ka fasa ciniki. Ka ɗaga kowace taya ka juya ta ka ga ko tana rawa. Giya kuwa kada yawanta ya ruɗe ka, farantin sarƙa ɗaya a gaba da babba sosai a baya ya fi tarkace, sarƙa ba ta yawan zamewa, kuma shi zai hau da kai tudu. Kada ka sa masa kariyar ɗaukar kaya, ba niƙa za ka kai ba. Kada ka hau da doguwar riga, ka ga yadda sarƙa ta taɓa cinye mini shaddar Juma'a. Hular kwano kuma, ranar da ka sayi keke ranar za ka saye ta. In kuɗin bai kai duka biyu ba, ka dawo gida da hular ka bar keken.

To. Na zagaya, na zagaya, ga ni na iso inda nake gudu.

Ba zan hau keken da za ka kawo ba, Mu'azu, dogo ne ko gajere. Na daina hawa. Bayan tafiyarka ban fasa fita Asabar ba, ni kaɗai nake zuwa, ina bin hanyarmu. Wata safiya ina gab da gadar Kwalkwalawa sai na ga hanya ta karkace, gonaki sun tashi sama. Ban san sauran ba. Na farka a kwance a kan tabarmar masu kifi, ana yi mini fifita, wani na cewa a kira gida. Ban karye ba, Allah Ya kiyaye, ƙujewa ce kawai a goshi da gwiwa. Likita ya ce jinina ya hau, kuma akwai wani abu cikin kunne da ke riƙe wa mutum daidaito, nawa ya gaji. Ya ce ba keke, ba babur. Na ce masa tun ba a haife shi ba nake hawan keke. Ya ce ya yarda, amma ba keke.

Ka san halina, ban ji ba. Da na sami sauƙi na fitar da shi lungunmu da sassafe, na ce daga nan zuwa bakin titi kawai. Ban kai gidan maƙwabta na uku ba na ji jirin ya taso, na dafa bango na sauka. Na turo shi gida da hannu. Innarka na tsaye bakin ƙofa, ta karɓi keken ta shigar. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ni na hana ta gaya maka. Na ce yaro ya je sabon wuri, a bar shi ya kama aikinsa da hankali ɗaya. Ta riƙe mini, har ranar da ka yi mata zancen dogon keke. Ranar ta same ni ta ce, "Malam, in ba ka hwaɗa mai ba ni ina hwaɗi. Ba ni zama ina kallo yaro shi sayi abin da ka halaka shi don shi hwaranta maka." Ta fi ni gaskiya, kamar kullum.

Kada ka ɗaga hankalinka, kuma kada ka kamo hanya. Ina shan magani, ina zuwa masallaci da ƙafata, ina cin tuwona. Abin da aka karɓe keke ne kawai. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, da na ji niyyarka, wani ɓangare na zuciyata ya so in yi shiru. Na ce a bar shi ya saya, ai ko ba komai keken zai jawo shi gida da Salla. Har na fara tunanin in ce maka ka zaɓi irin tayar da ta dace da yashi. Ka ga son kai irin na tsufa. Da na tuna fuskarka wajen maɗori sai na nemi takarda.

Ka sayi keken can, ba na nan ba. Can kake zaune yanzu, can Asabar ɗinka take, da duwatsunka da abokanka. Ka saye shi daidai tsawonka na yau, ba na wani ba, ba na gobe ba. Da Salla ka taho hannu sake, kada ka wahalar da kanka da ɗora keke a mota. Mu shiga mai ƙafa uku ni da kai mu je bakin gada, mu ci kifi, ka ba ni labarin gangaren da ya fi ba ka tsoro. Ba sai taya ta yi faci ba, zan kalli ruwa in bar ka ka yi magana.

Nawa yana nan cikin zaure. An zo saye na hana, Innarka ta ce a ba jikan maƙwabta na ce a dakata. Duk Asabar nakan goge shi in ba shi iska, in mayar da shi jikin bango. Kada ka sayi keken da zai zauna jirana, ɗana. Akwai guda a nan yana yi, ya isa.

Allah Ya sa ka saya a sa'a. Allah Ya riƙe maka hannu a gangare, Ya ƙarfafa maka ƙafa a hawa, Ya sa duk inda ka fita da ƙafarka ka dawo da ita. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya yi maka albarka duniya da lahira, Ya nuna mini fuskarka cikin alheri. Ka gaishe da abokan hawanka, ka ce wani tsoho a Sakkwato ya ba su amanarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Umaru